Babi na Huɗu: Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Injin da ya yi shekara da shekaru yana aiki ba wanda ya taɓa kuka da shi, me zai sa ya tashi rana ɗaya ya hallaka mutane? Tambayar da ake yi ke nan duk lokacin da labari ya zo cewa igiya ta tsinke a bakin rami, ko birki ya ƙwace, ko an fito da gawarwaki daga ramin da ƙasa ba ta rufta ba, ruwa kuma bai ci kowa ba. Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Ba na jayayya da ƙaddara. Sai dai masu binciken da ke shiga bayan an kwashe gawa, su tattara karyayyun ƙarafa su kai ɗakin gwaji, kusan kullum labari ɗaya suke dawowa da shi. Lahanin ya daɗe a jikin injin, kuma akwai wanda ya gan shi ya yi shiru, ko wanda aikinsa ne ya gani bai duba ba.

Sanda ɗaya, mutum 29

A manyan mahaƙu masu zurfi ba a sauka da ƙafa. Ana haƙa rijiya miƙaƙƙiya tun daga doron ƙasa har inda ma'adinin yake, a rataya keji na ƙarfe a cikinta da igiyar waya mai kauri. Igiyar tana naɗe a jikin wata ƙatuwar ganga da inji ke juyawa a wani ɗaki a sama. Mutum ɗaya ne ke zaune a ɗakin nan, hannunsa a kan liba, shi ke saukar da ma'aikata, shi ke hawo da su.

Da sanyin safiyar Litinin 30 ga Yuli 1973, a mahaƙar kwal ta Markham da ke yankin Derbyshire a Ingila, mutum 29 suka shiga keji za su kama aikin safe. Zurfin rijiyar ya haura mita 400. Da suka kusa ƙasa mai injin ya fara rage gudu kamar kullum, sai ya ji wata ƙara mai ƙarfi daga wajen birki. Ya ja liba, birki bai kama ba. Ya danna maɓallin gaggawa, wanda aikinsa shi ne ya yanke wuta ya kuma danne birki. Wuta ta yanke, birki kuwa babu shi. Ashe wutar ce kaɗai ta rage tana riƙe gudun gangar. Kejin ya daki ƙasan rijiyar da gudun kusan kilomita 43 a sa'a. Mutum 18 suka rasu, sauran 11 suka ji munanan raunuka.

Abin takaicin shi ne birkin nan an ƙera shi da dabarar da ake yabo. Wasu manyan sifirin ne ke matse shi a jikin gangar, iska mai matsi kuma ita ke buɗe shi idan ana son tafiya. Ke nan ko wuta ta ɗauke, ko iska ta tsere, birkin zai kama da kansa. Amma duk ƙarfin sifirin ɗin ta cikin sandar ƙarfe guda ɗaya yake bi kafin ya isa ga birkin, sandar da kaurinta bai wuce santimita 5 ba. Ita ce ta karye a safiyar. Da ta karye, liba da maɓallin gaggawa da duk sauran dabarun kariya suka tashi a banza lokaci guda, domin dukkansu ta kanta suke bi.

Yadda tsaga ke girma a ɓoye

Sandar ba a ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba a ranar. Aikin da ta yi shi ne wanda ta saba yi shekara 21. To me ya karya ta?

Duk wanda ya taɓa son yanke waya ba shi da filaya ya san dabarar. Sai ka lanƙwasa ta nan, ka mayar can, ka yi ta maimaitawa. Lanƙwasar farko ba ta yi mata komai, ta goma ma kamar haka, can sai ta rabu biyu a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Kowace lanƙwasa tana barin ɗan rauni a cikin ƙarfen, raunukan suna taruwa a wuri ɗaya har su zama tsaga. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma tana cikin manyan dalilan karyewar sassan inji a ko'ina.

Sandar Markham an yi ta ne don a ja ta a miƙe kawai. Tana ratsawa ta wata mahaɗa da ya kamata ta riƙa juyawa a sake duk lokacin da aka taɓa birki. Mahaɗar ta yi tauri saboda mai ba ya isa gare ta yadda ya kamata, saboda haka duk kamun birki sai sandar ta ɗan lanƙwashe, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai gani ba. Birkin irin wannan inji kuwa ana taɓa shi ba adadi a yini. Tsaga ta fara a inda aka yi wa sandar zaren ɗaura noti, domin tsaga tana son lungu da kusurwa da duk wurin da aka ƙwarzane ƙarfe. Ta yi ta ci a hankali har lafiyayyen ƙarfen da ya rage ya kasa ɗaukar kayan.

Idan ka ɗauki ƙarfen da gajiya ta karya ka dubi bakin karayar, za ka ga fuska biyu. Wani ɓangare sumul yake, sau da yawa da layi-layi, wani lokaci har da tsatsa: wannan tsohuwar tsaga ce da ta yi watanni ko shekaru tana tafiya. Ɗaya ɓangaren kuma garje yake, sabo fil, shi ne abin da ya ɓalle a daƙiƙar ƙarshe. Makanikin da ya san aikinsa yana iya karanta tarihin karaya daga nan.

Ana duba injin Markham a kai a kai, amma da ido, kuma wurin tsagar a ɓoye yake. Akwai gwaje-gwajen da ke tona irin wannan tsaga tun tana ƙarama: a sa wa ƙarfen maganaɗisu a barbaɗa garin ƙarfe, sai garin ya taru a kan layin tsagar, ko a aika sauti cikin ƙarfen a saurari yadda yake dawowa. Kuma an riga an sami gargaɗi, domin a 1961 irin wannan sanda ta karye a mahaƙar Ollerton. Shekara 12 ke nan tsakanin gargaɗin da gawarwakin.

A nan zan ɗan yi tsokaci kan walda. Mai walda na da amfani, amma abin da aka fi sa shi yi a wurin haƙa shi ne ya shafe bakin tsaga da ƙarfe don kada a gan ta. Tsagar tana nan a ƙarƙashi tana ci gaba da tafiya, an dai rufe mata fuska. Ƙugiya ko sarƙa ko sandar da ran mutum ke rataye a jikinta, idan ta tsage, wurinta bola.

Abin da ba shi da mataimaki

Bayan Markham, hukumomin Birtaniya sun bi injinan saukar da mutane suna neman duk wani sashe da shi kaɗai ne tsakanin ma'aikaci da mutuwa, don a yi masa na biyu ko a sake fasalinsa. Darasin ba sabo ba ne a ƙasar. A ranar 16 ga Janairu 1862, a mahaƙar Hartley da ke arewacin Ingila, ƙatuwar dirkar ƙarfen injin jan ruwa mai nauyin tan 42 ta karye biyu, rabinta ya faɗa cikin rijiyar ya toshe ta da tarkace. Rijiyar kuwa ita kaɗai ce, ta nan ake shiga, ta nan ake fita, ta nan iska ke sauka. Mutum 204, manya da yara, suka mutu, galibinsu ba abin da ya faɗo musu, iska ce ta ɓaci kafin a kai gare su. A shekarar majalisar dokoki ta wajabta wa mahaƙun kwal hanyar fita biyu.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turai ne da manyan injina. A ramukan zinariya na Zamfara da Neja da Maraɗi, sandar Markham tana nan, sunanta igiya. Ita ke saukar da mutum, ita ke hawo da buhun dutse, rana na dukanta tun safe, tana gugar bakin rami a wuri ɗaya kullum. Igiyar roba idan rana ta cinye ta takan yi fari-fari, ta yi ƙaiƙayi a hannu, zarenta ya fara tashi. Ƙulli ma yana rage mata ƙarfi sosai, don haka igiyar da aka ɗaura a tsakiya bayan ta taɓa tsinkewa ba ta koma yadda take ba. Abin da injiniyoyin Birtaniya suka kashe maƙudan kuɗi suka gano, a nan kuɗinsa bai fi na igiya ta biyu ba: a ware ta mutum daban da ta kaya, kuma mai sauka ya ɗaura wata a ƙugunsa wadda aka kafe a wani turke dabam.

Haƙoran da suka dakushe

Wani lahanin ba ɓoyayye ba ne. Kowa na ganinsa, an dai saba da shi.

A mahaƙun kwal na zamani akwai injin yanka mai ɗauke da ganguna biyu masu haƙoran ƙarfe, yana bin bangon kwal yana ƙwaƙule shi. A tsakanin haƙoran akwai ƙananan bakunan feshin ruwa. Ruwan yana kwantar da ƙura, yana sanyaya haƙoran, yana kuma kashe tartsatsi kafin ya zama wuta. Ana tsoron tartsatsi ne saboda kwal na fitar da wata iskar gas da ake kira metan, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, ƙyas ɗaya ya ishe ta.

A ranar 5 ga Afrilu 2010, mahaƙar Upper Big Branch da ke jihar West Virginia a Amurka ta fashe, mutum 29 suka mutu. Masu bincike sun tarar wasu haƙoran injin sun dakushe, kuma dakusasshen haƙori idan ya gogi dutse zafi yake yi ya bar layin wuta. Sun tarar an cire bakunan feshi bakwai daga ganga ɗaya, abin da ya kashe ƙarfin ruwan a sauran, wasu kuma sun toshe. Gas ɗin da ya fara kamawa ba shi da yawa. Abin da ya mayar da ƙaramar wuta gagarumar fashewa shi ne ƙurar kwal da ta taru a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa. Ƙa'ida ita ce a riƙa watsa garin farar ƙasa a kan ƙurar don kada ta kama, to injin watsa garin tsoho ne, yau yana aiki gobe yana kwance. Fashewar ta bi ƙurar ta yi tafiyar kilomitoci, ta kashe mutanen da suke nesa ƙwarai da inda abin ya fara.

Bakin feshi da haƙori ba su da tsada. Tsadar tana wajen tsayar da inji a canza su, domin duk mintin da inji ya tsaya kwal ne bai fito ba. Bincike ya nuna ana ajiye littafi biyu a mahaƙar, ɗaya na nuna wa jami'an gwamnati, ɗaya na cikin gida inda ake rubuta matsalolin gaskiya. Ana kuma sanar da na ƙasa da zarar mai duba ya iso ƙofa. A jikin injinan yankan akwai na'urar da ke shinshinar gas ta kashe inji da kanta idan ya yi yawa, kuma makonni kafin fashewar an sa wani mai gyaran wuta ya zagaye wannan na'ura a jikin wani injin don aiki ya ci gaba. Shugaban da ya ba da umarnin ya amsa laifi a kotu aka ɗaure shi. Shi ma shugaban kamfanin Massey Energy mai mahaƙar, Don Blankenship, an same shi da laifin haɗa baki wajen karya dokokin tsaro a 2015, aka yanke masa shekara ɗaya.

Idan wannan ya faru a ƙasar da ke da hukuma guda ta duba mahaƙu, ba sai an faɗi yadda abin yake ba a inda babu mai zuwa duba komai. Kalmar da ke kashe mutane a wurarenmu ita ce "a lallaɓa". Bel ya fara zare, a lallaɓa. Murfin da ke rufe bel da fula ya ɓalle, a ajiye shi gefe, ai ma ya fi sauƙin gyara a buɗe. Ranar da bel ɗin ya kama hannun riga, ba ya saki.

Injin niƙa a tsakar gida

Hatsarin kayan haƙa mafi muni da ƙasar Hausa ta gani ya zo ne daga injin da bai karye ba, bai tsage ba, yana aiki lafiya ƙalau. An dai sa shi aikin da ba nasa ba.

Da farashin zinariya ya tashi a ƙarshen shekarun 2000, mutanen ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara suka dukufa haƙa. Zinariyar tana cikin dutse, sai an mayar da dutsen gari kafin a wanke a fitar da ita. Ana farfasa shi da guduma da turmi, sannan a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa masara da dawa. Kuma da yake dukiya ce, ba a barin ta a daji. Ana kawo buhunan cikin gari, a niƙa a unguwa, a shanya a tsakar gida inda mata ke aiki yara na rarrafe.

Dutsen yankin yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Injin niƙan hatsi a buɗe yake, a bushe yake aiki, yana tuttuɗo ƙura ta baki da ta gefe, domin wanda ya ƙera shi bai ga illa ba idan garin masara ya tashi. Da aka ba shi dutse sai ya zama injin watsa guba. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a kan tabarma, a kwanon abinci, a jikin tufafin da magidanci ke komawa gida da su. Ƙaramin yaro kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma hanjinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma.

A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, wato MSF, suka ci karo da yara masu amai da jijjiga suna mutuwa, ga sababbin ƙananan kaburbura a jere. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Gwajin jini ne ya tona asiri. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, yaron da dalmar jininsa ta kai 45 yana buƙatar maganin wanke jini. Na'urar gwajin da aka zo da ita tana tsayawa ne a 65, kuma akasarin yaran sun wuce iyakarta. Wani bincike a ƙauyuka biyu ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu wuraren niƙa dalma ta haura kashi 10 cikin ɗari na ƙasar wurin. Jimillar yaran da suka rasu an ƙiyasta ta kai 400, ban da dubban da suka rayu da gubar a jiki, wasu da makanta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Magani ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ke cike da ƙurar. Sai da aka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu ana kankare saman ƙasa ana kwashewa, ana zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka share ta bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Shekara biyu bayan nan, a 2015, abin ya sake ɓulla a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu.

A Shikira ɗin ne daga baya aka gwada gyara mai sauƙi: a fitar da niƙa daga cikin gari, a sa feshin ruwa a bakin inji, ma'aikata su yi wanka su canza kaya kafin su koma gida. Da aka auna, dalmar da ke cikin iskar da masu aikin ke shaƙa ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari. Ruwan da aka rasa a bakin injin West Virginia shi ne dai aka rasa a bakin injin Zamfara.

Injin ruwa a ƙasan rami

Wani injin da ake sawa inda bai dace ba shi ne na jan ruwa mai amfani da fetur, irin na 'yan fadama. Mai karatu zai ce me zai kai mai hankali ya saukar da inji mai hayaƙi cikin rami? Akwai dalili. Injin da ke zaune a sama ba ya iya tsotso ruwa daga kowane zurfi, domin nauyin iskar sararin sama ne ke tura ruwan cikin tiyo, kuma ƙarfin wannan turi yana ƙarewa a wajen mita 10. A aikace ma da wuya inji ya wuce mita 7 ko 8. Idan rami ya zarce haka kuma ruwa ya taru da damina, sai a ga injin yana ta ihu ba ya kawo komai. Daga nan sai wani ya ce a sauke shi kusa da ruwan.

Hayaƙin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksayid, gubar nan da ke kashe iyali guda a ɗaki idan an kwana da janareto a ciki. Ba ta da wari, kuma jini ya fi son ta a kan iskar numfashi fiye da sau 200. A rami ba ta da mafita. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai ƙafafu su mutu, mutum yana ganin igiya amma ba shi da ƙarfin kama ta. Na sama ya kira ya ji shiru, sai ya sauka ya ɗauko ɗan'uwansa, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Haka ake fito da gawa uku ko huɗu daga ramin da mutum ɗaya ya shiga. Ɗaura tsumma a hanci, ko da jiƙaƙƙe ne, ba ya tare wannan iska. Kashe injin ma bai isa ba, domin gubar takan zauna a ramin bayan ƙara ta ɗauke, sai an hura sabuwar iska ta kore ta.

Abin da ya dace da rami mai zurfi shi ne famfon lantarki da ake zurawa cikin ruwa, wanda masu haƙa burtsatse ke kira sumo, janareto kuma ya zauna a sama, nesa da bakin ramin, ta inda iska ba za ta mayar da hayaƙin ciki ba. Shi ma yana da nasa sharaɗin. Wayar da aka haɗa aka naɗe da leda, aka jefa cikin ruwan da mutum ke tsaye a ciki, wata hanyar mutuwa ce.

Wa ke da ikon cewa a tsaya?

A kusan duk labaran nan akwai wanda ya fi kowa kusa da lahanin, kuma galibi shi ne mafi ƙarancin iko. Mai aiki da inji kullum shi ke fara jin sautinsa ya canza, shi ke ganin mai na ɗiga, shi ke jin zafin da bai saba ji ba a jikin boris. Idan ya faɗa aka ce masa rago, ko aka yanke masa kuɗin yini, gobe ba zai sake faɗa ba.

A ranar 10 ga Mayu 1995, a mahaƙar zinariya ta Vaal Reefs a Afirka ta Kudu, kan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya ƙwace, ya wuce shingen da aka sa don tare shi, ya faɗa cikin rijiya ya afka wa kejin da ke ɗauke da ma'aikata. Mutum 104 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya, 1996, ƙasar ta yi sabuwar dokar lafiya da tsaron mahaƙu, wadda ta ba ma'aikaci 'yancin barin wurin aiki idan yana da dalilin ganin akwai babban haɗari. A ganina wannan sashe ya fi kowace na'ura daraja, domin na'ura ana iya zagaye ta da guntuwar waya.

Najeriya na da dokar ma'adinai ta 2007, akwai kuma sashen duba mahaƙu a ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Amma ramukan da ke cikin dazuzzukan Zamfara da Neja da Kaduna sun fi ƙarfin jami'an da ake da su, wasu wuraren ma rashin tsaro ya hana kowa zuwa. A can mai ramin da mai injin da shugabannin ƙungiyar mahaƙa su ne hukuma. Idan yaro ya ce igiyar nan ta ci, ko injin nan sautinsa ya canza, a tsayar da aiki a duba, kuma kada a taɓa masa kuɗin ranar.

Duk abin da muka tattauna a nan na kayan aiki ne. Babi na gaba zai koma kan ramin kansa: me ke riƙe da ƙasar da ke saman kan mahaƙi, me ya sa damina ta fi cin mutane, kuma waɗanne alamu bango ke nunawa kafin ya zube. Za mu fara daga Ɗan Issa a jihar Maraɗi, inda ramin zinariya ya rufta a watan Nuwamba 2021 ya kashe aƙalla mutum 18.